Yadda za ka zaɓi kujerar yaro a mota, ka kafa ta, ka ɗaure yaron daidai: jagora ga iyaye da direbobi a Kebbi

Tun da mutane suka fara ganin kujeru biyu a bayan motata idan na kai yara makaranta a nan Birnin Kebbi, tambaya ba ta yanke ba. A ina ka saya? Wai dole ne, ko dai tsarin Turawa ne? Daga wata nawa ake sa jariri? Wata baiwar Allah ma ta ce mijinta ya sayo tun haihuwar fari, amma tana can kan durowa domin ba wanda ya iya kafa ta. Na ga gara in rubuta amsar gaba ɗaya, daki-daki.

Abin da ya sa na saya shi ne wata yamma da muke dawowa daga Jega. Ɗanmu yana da shekara 2, yana kan cinyar mahaifiyarsa a baya, ta rungume shi da hannu biyu. Wani ɗan maraƙi ya fallo daga cikin garke ya shigo titi, na taka birki iyakar ƙarfina. Ban bugi komai ba. Amma kafin motar ta gama tsayawa yaron ya suɓuce, bakinsa ya daki bayan kujerata, jini ya ɓata masa riga. Mahaifiyarsa tana ta cewa wallahi ta riƙe shi gam, kuma gaskiya ta faɗa. Idan mota mai gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, kamar an saki mutum ne daga tsayin mita 10. Yaro mai kilo 10 yakan fizgi hannun da ke riƙe da shi da nauyin da ya kai kilo 300, wato buhun shinkafa shida. Babu uwar da za ta iya riƙe wannan, duk son da take yi wa ɗanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara na iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100, amma sai an kafa ta daidai, kuma a nan ne yawancinmu ke kuskure.

1. San abin da doka ta ce

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda muka fi sani da 'yan rod sefti, tana aiki da dokar kafa ta ta 2007 da Ƙa'idojin Zirga-zirga na Ƙasa na 2012. Abu uku ya shafe ka. Yaron da bai kai shekara 12 ba ba ya zama a kujerar gaba. Ƙaramin yaro sai an ɗaure shi a kujerar da ta dace da shi a baya. Duk wanda ke cikin mota kuma, babba ko yaro, gaba ko baya, sai ya sa bel. A jadawalin tara da hukumar ta daɗe tana aiki da shi, rashin sa bel naira 2,000 ne, rashin ɗaure yaro naira 3,000, zaunar da shi inda bai kamata ba shi ma naira 3,000. Direba ake kamawa, ba uwar yaro ba, ba mai motar da ke zaune a gida ba.

Gargaɗi: kada ka maida wannan abin yi a gaban shinge kawai. Tsakanin gida da makaranta, ko gida da Babbar Kasuwa, babu mai tsayar da kai, amma a nan ne ɗan kabu-kabu zai gitta maka ba zato.

2. Auna yaron kafin ka je kasuwa

Nauyi da tsawo ake bi wajen zaɓen kujera, shekaru ƙiyasi ne kawai. Ɗan shekara 3 na gidanku yana iya fin ɗan shekara 4 na maƙwabta jiki. Nauyin jariri yana cikin katin awo da riga-kafi. Babban yaro a ɗora shi kan sikeli a kyamis ko asibiti. Tsawo kuma tef ɗin tela ya isa: ya tsaya ba takalmi, bayansa a bango. Rubuta lambobin biyu a waya.

Kujerun iri uku ne. Ta farko ita ce ta jariri, mai kama da kwando mai hannu, wadda ke kallon baya, daga haihuwa zuwa kilo 13. Ta biyu mai igiyoyi biyar ce, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu, tana ɗaukar yaro daga kilo 9 zuwa 18, wasu ma fiye. Akwai kuma irinta wadda ake iya juyawa, da ke ɗaukar yaro tun kafin ya kai kilo 9: ta kalli baya tun yana jariri, daga baya ta kalli gaba. Ta uku ita ce busta, mai ɗaga yaro sama don bel ɗin mota ya zauna masa daidai, daga kilo 15 zuwa 36.

Maganar kallon baya ita ce ta fi tada gardama a gida. Hajiyarmu da ta fara gani cewa ta yi, “Haba Baban Yara, ka juya mini jika yana kallon bango kamar mai laifi?” Na ce, “Hajiya, ki taɓa wuyansa ki ji.” Kan jariri ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyan da ke ɗauke da shi kuwa bai yi ƙwari ba. Idan yana kallon gaba aka yi karo, igiya ta riƙe jiki, kai ya fizgu gaba, duk wahalar ta sauka a wuya. Idan yana kallon baya, kujerar ce ke tarbar kai da wuya da gadon baya lokaci guda, kamar yadda tafin hannu ke tarbar ƙwai. Dokar Turai ta zamani ta hana juya yaro gaba kafin wata 15. A Suwidin iyaye kan bar su a haka har shekara 4. Shawarata: kada ka juya shi kafin shekara 2, kuma idan kujerar tana ɗaukarsa bayan nan, ka ƙyale shi.

Gargaɗi: ƙafafun yaro mai kallon baya su taɓa jinginar kujerar mota ba alamar ya fi ƙarfin kujera ba ce. Zai tanƙwashe su yadda yake yi a kan tabarma. Kai ake dubawa: idan tazarar da ke tsakanin saman kansa da saman kujera ba ta kai faɗin yatsu biyu ba, ko nauyinsa ya wuce abin da aka rubuta a jikinta, lokacin sauyi ya yi.

3. Duba motarka

Da yawa sukan tsallake wannan mataki, su sayo kujera mai tsada, su tarar ba ta shiga motarsu. Buɗe ƙofar baya da rana, ka duba abu huɗu.

Na farko, bel ɗin kansa. Galibin motocinmu 'yan Kwatano ne da suka sha hannu, kuma bakin da ake soka bel sau da yawa yana nutse a ƙarƙashin kujera, musamman idan an sa mata riga a wurin mai kushin. Zaƙulo su duka. Ja kowane bel a hankali ka ga yana komawa da kansa, sannan ka fizge shi da ƙarfi ka ga ya cije. Wanda ya zare, ko ya yage, ko bai cije ba, a sauya shi gaba ɗaya a wurin masu kayan gyara. Kada a ɗinke shi, kada a ƙulla shi.

Na biyu, bel ɗin tsakiya. A tsofaffin motoci na ƙugu ne kaɗai, ba shi da na kafaɗa. Ka lura da wannan, zai dawo a gaba.

Na uku, tura yatsunka cikin tsagar da ke tsakanin mazauni da jingina. Idan ka ji wasu ƙarafa biyu masu kama da ƙaramin mari, tazarar santimita 28 a tsakaninsu, motarka tana da maƙalan kafa kujerar yaro da Turai ke kira ISOFIX, Amurka ke kira LATCH. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga ƙarshen 2002, irin su Camry, Corolla, Accord da Sienna, suna da su. Golf da Peugeot na da, ba lallai ba ne.

Na huɗu, maƙalin sama, inda ake maƙala igiyar saman kujerar yaro mai kallon gaba. A ƙaramar mota yana kan faifan da ke ƙarƙashin gilashin baya, cikin ɗan murfin roba mai hoton anga, ƙugiyar nan ta jirgin ruwa. A Sienna da manyan motoci yana bayan jingina ko a ƙasan but.

4. Saye: sabuwa ko gwanjo, da lissafin kuɗi

Fara da shagunan kayan jarirai na cikin gari. Idan ba ka samu irin da kake so ba, akwai Sakkwato da Kano, akwai kuma Jumia, Konga da Jiji. Farashi yana bin dala, don haka ka tambayi wuri uku kafin ka biya, ka kuma haɗa da kuɗin motar da za ta kawo ta, domin kaya ne mai cin wuri.

Ga yadda nake lissafi. Kwandon jariri yana ƙarewa cikin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Mai juyawa ta fi shi tsada a ranar saye, amma tana kai yaro wajen shekara 4, sannan ƙaninsa ya gada. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi mai juyawa tun farko, daga baya ya ƙara busta, wadda ita ce mafi arha a cikin ukun. Sayayya biyu kenan maimakon uku. Tsada ba ita ce tsaro ba: kujera mai sauƙin kuɗi da ke da shaidar gwaji kuma ta zauna daram a motarka ta fi mai suna da ke rawa. Kuma ina ba da shawara a sa ta cikin lissafin kayan haihuwa. 'Yan uwa da ke tambayar me za su kawo na barka, mutum uku su haɗa su sayi kujera ya fi atamfa ta goma amfani.

Shaidar gwaji tana jikin kujerar, a ƙasa ko a baya. Ta Turai sitika ce ruwan goro mai harafin E cikin da'ira, an rubuta R44/04 ko R129. Ta Amurka tana ɗauke da FMVSS 213. R44 tana bin nauyi, R129 tana bin tsawo. Idan babu ko ɗaya, mayar wa mai shago kayansa.

Gargaɗi: akwai wata 'yar katifa mai igiyoyi da ake tallata a intanet da sunan kujerar tafi-da-gidanka, yadi ne kawai da ake ɗaurawa a jingina, ba ta da ƙashin roba. Wannan ba kujera ba ce, ba ta riƙe yaro a karo.

Gwanjo fa? Matsalarsa ita ce ba ka san tarihinta ba. Kujerar da ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa ta ciki inda ido ba ya gani. Mafi kyau ka karɓa daga hannun wanda ka sani, wanda zai gaya maka gaskiya. Idan dole sai ta kasuwa, cire rigar kujerar a gaban mai sayarwa. Duba robar: tsaga, ko farin layi inda ta taɓa lanƙwasa. Duba farin soso mai tauri da ke wajen kai, kada ya zama a karye. Bi igiyoyin da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Soka maƙulli ka cire sau goma, kowane lokaci ka ji ƙas. Sannan ka nemi ranar da aka ƙera ta: yawancin kamfanoni shekara 6 zuwa 10 suke ba kujera, roba kuma tana saurin gajiya a irin ranarmu. Idan babu littafin bayani, rubuta sunan kamfani da lambar samfurin a Google, galibi za ka same shi kyauta.

5. Zaɓi wurin da za ta zauna

Baya, ko da yaushe. Tsakiya ya fi nisa da ƙofofi, shi ne ya fi, matuƙar kujerar ta kafu gam a wurin. Idan ba ta kafu ba, sa ta bayan kujerar mai zaman banza, ɓangaren dama, don ka riƙa fito da yaro ta gefen hanya ba ta cikin titi ba.

Gargaɗi mafi girma a wannan rubutu: kada a taɓa sa kujera mai kallon baya a gaba inda akwai jakar iska, wadda makanikai ke kira iyabag. Jakar tana fashewa cikin ƙiftawar ido, kuma daidai bayan kan jaririn za ta daka. Ko a ƙaramin karo tana iya kashe shi. Haka nan yaron da ke tsaye ya dafa dashbod, ko wanda uba ya ɗora a cinya yana koya masa riƙe sitiyari.

6. Kafa kujerar

Ware minti 30, a inuwa, ba yaro a ciki, ba kuma ranar tafiya ba. Kayan aiki: littafin kujera, littafin mota idan akwai, tawul ɗaya, da mutum na biyu idan ya samu.

Da bel ɗin mota, kujera mai kallon baya:

Ajiye ta a mazauni, ƙafar yaro tana fuskantar jingina. Nemo hanyar bel. A kujerun Turai na R44, alama shuɗiya ta mai kallon baya ce, ja ta mai kallon gaba, sababbin R129 kuma kore suke amfani da shi. Kujera mai juyawa tana da hanya biyu, kuma bi ta wadda ba ita ba shi ne kuskuren da na fi gani. Zira bel ɗin a miƙe, kada ya murɗe, ka soka har ka ji ƙas.

Yanzu sai kulle bel ɗin, domin bel ɗin mota a sake yake har sai an fizge shi. A yawancin motocin Amurka daga 1996, ja ɓangaren kafaɗa a hankali har ya ƙare gaba ɗaya, sannan ka sake shi kaɗan kaɗan. Za ka ji yana ƙat-ƙat-ƙat yana komawa, kuma idan ka ja ba zai fito ba. Ya kulle kenan. Motocin Turai da yawa ba su da wannan, shi ya sa kujerunsu ke zuwa da maƙali na roba da ke cije bel ɗin a jikin kujerar. Rufe shi yadda littafin ya nuna.

Sai matsewa. Danna kujerar da tafin hannu ɗaya, da nauyin jikinka, cikin kushin, ɗaya hannun yana jan ɓangaren kafaɗa kusa da maƙulli yana cinye sakin. Kada ka ji tausayinta.

Duba kwanciyarta. Jariri sabon haihuwa yana buƙatar kishingiɗa ta kusan digiri 45, tsakanin zaune da kwance. Idan ta miƙe da yawa, kansa zai faɗo gaba, haɓa ta danne ƙirji, numfashi ya toshe, kuma jariri ba ya iya ɗaga kansa ya ceci kansa. Yawancin kujeru suna da layi ko ɗan ƙwallo a gefe da ke nuna daidai, amma sai motar tana kan shimfiɗaɗɗen wuri. Idan mazaunin motarka ya zurma baya, kuma littafin ya yarda, naɗe tawul tam ka sa a ƙarƙashin kujerar wajen tsagar.

Da ISOFIX ko LATCH: fito da hannuwan ƙarfen ko ƙugiyoyin, ka tura su cikin maƙalan nan biyu har su kama. Masu alama sukan koma kore. Ja ka tabbatar duka biyun sun kama, ba ɗaya ba. Idan kujerar tana da ƙafa da ke sauka ƙasan mota, miƙe ta har ta taka sosai.

Gargaɗi: ko bel ko maƙalai, ɗaya ake amfani da shi, sai idan littafin ya ce a haɗa. Kuma kada ka ari maƙali ɗaya daga dama ɗaya daga hagu don ka kafa a tsakiya, sai littafin mota ya yarda. A kujerun Amurka, idan nauyin yaro da na kujera a haɗe ya wuce kilo 29, a koma bel.

Mai kallon gaba: matakan iri ɗaya ne, ta hanyar bel ɗin gaba, sai ƙarin igiyar sama. Ɗauko ta daga bayan kujerar, ka ƙetare jingina, ka maƙala a maƙalin nan mai hoton anga, ka ja ta tsaya. Tana rage fizgar kai da santimita 10 zuwa 15, tazarar da ke raba goshin yaro da bayan kujerar gaba. Yawanci ina tarar da ita a naɗe, ba a taɓa warware ta ba. Kada a maƙala ta a ƙugiyar ɗaure kaya ta cikin but.

Gwaji na ƙarshe: kama kujerar daidai inda bel ya ratsa, ka girgiza ta hagu da dama, gaba da baya. Idan ta motsa fiye da santimita 2.5, kusan faɗin babban yatsa, warware ka sake. Maimaita wannan gwaji duk mako, da duk ranar da aka kai mota wanki, domin masu wanki sukan cire ta su mayar yadda suka ga dama.

7. Ɗaure yaron

Zaunar da shi, ɗuwawu da baya manne da kujera. Igiyoyin kafaɗa suna da ramuka hawa-hawa. Mai kallon baya, su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan. Mai kallon gaba, daidai kafaɗa ko sama kaɗan. Miƙe su kada su murɗe, soka maƙulli, ja sakin da ke wajen cinyoyi zuwa sama, sannan ka ja igiyar matsewa da ke gaban kujera.

Yadda za ka san ya isa: gwada tsunkule igiyar da yatsu biyu a kan ƙashin wuyan kafaɗa. Idan ta naɗu a hannunka, da saura. Idan yatsun suka zame, ta yi. Kujerun Amurka suna da ɗan maƙali a ƙirji, wurinsa daidai hammata, ba kan ciki ba.

Gargaɗi na hunturu: kada a ɗaure yaro da rigar sanyi mai kauri, kada kuma a naɗe jariri da shawul ko tawul sannan a ɗora igiya a kai. A karo kaurin yana lotsewa, igiya ta yi sako-sako, yaro ya zame ya fita. A ɗaure shi da kaya marasa kauri, sannan a lulluɓa bargo a kan igiyoyin, ban da fuska. Kada a ƙara filo ko katifar da ba ta zo da kujerar ba.

Zai yi kuka, musamman wanda ya saba da cinya. Namu ya yi kwana huɗu yana yi. Abin da ya taimaka: mahaifiyarsa ta zauna kusa da shi da bel ɗinta, muka fara da gajerun tafiye-tafiye, kuma ba mu taɓa cire shi mota tana tafiya ba ko sau ɗaya. Yaro yana gane dokar da ba ta da ranar hutu. Idan yunwa ce, a tsaya a shayar da shi. A hanyoyin da ba a son tsayawa a daji, a shirya tun daga gida: tafiyar rana, a ba shi nono kafin a tashi, a san garin da za a tsaya. Mai zuwa Sakkwato yana da Argungu, mai zuwa Abuja yana da Jega, Koko da Yawuri. Jariri kada ya wuce awa 2 a kujera ba a fito da shi ya miƙe ba.

8. Busta, sannan bel ɗin manya

Idan kafaɗunsa suka wuce ramin igiya na sama, ko nauyinsa ya wuce iyaka, sai busta. Mai jingina ta fi, domin tana tare kai idan ya yi barci. Ɓangaren ƙugu ya kwanta ƙasa a kan cinyoyi, ba kan ciki ba. Na kafaɗa ya ratsa tsakanin wuya da kafaɗa. Busta ba ta aiki da bel ɗin tsakiya mai ƙugu kaɗai. Kuma idan ka ga yaro ya tura bel bayansa ko ƙarƙashin hammata, alama ce yana cin wuyansa, tsawonsa bai kai ba.

Zai bar busta idan ya zauna bayansa manne da jingina, gwiwoyinsa suka lanƙwasa a bakin mazauni, bel ya zauna a wuraren nan biyu, kuma ya iya zama haka har a isa. A Ingila doka ta ce santimita 135 ko shekara 12, a Amurka shawarar santimita 145 ake bayarwa. Mai juna biyu ma ta sa bel, na ƙugu a ƙarƙashin ciki, na kafaɗa a tsakiyar ƙirji.

9. Zafi, ƙofofi da cikin gida

Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40. Ƙarfen maƙulli yana ƙona fata, don haka a rufe kujerar da farin tawul idan an faka, a taɓa da bayan hannu kafin a sa yaro. Cikin mota a rufe yana ƙara kusan digiri 10 cikin minti 10, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar na babba. Kada a bar shi ciki, ko na shiga banki, ko na sallah raka'a biyu, ko da an sassauta gilashi. Jariri mai kallon baya da ya yi barci ba a ganinsa daga gaba, shi ya sa nake ajiye wayata a ƙasan kujerarsa, don kada in fita in manta da shi.

A gefen kowace ƙofar baya akwai ɗan maɓalli da ke hana buɗewa daga ciki. Kunna shi, ka kulle gilasai daga wurin direba. Motar da ke ajiye a gida, har wadda ta lalace, a kulle ta a ɗauke mabuɗi. An sha jin yara sun shiga wasan ɓuya, ƙofa ta rufe, aka tarar da su bayan lokaci ya ƙure. Kafin ka yi ribas a tsakar gida, zagaya motar da ƙafa, ka ƙirga yaran da idonka.

10. Idan yara sun fi bel yawa, ko motar ba taka ba ce

Wannan ita ce gaskiyar gidajenmu: mota ɗaya, yara bakwai, ga na maƙwabta. Ƙa'ida ita ce mutum ɗaya bel ɗaya. Kada a zagaya bel ɗaya a kan uwa da ɗan da ke cinyarta, domin a karo nauyinta ne zai matse shi da bel ɗin. A cikin gari, sawu biyu ya fi. Idan kujera ɗaya ce a gidan, ta mafi ƙanƙanta ce. But ɗin mota da bayan akori-kura ba wurin yara ba ne, ko ranar sallah, ko rakiyar amarya.

A motar haya, biya kuɗin kujera ɗaya domin yaron, ka je tasha da wuri ka zaɓi inda bel ke aiki. Kujerar da ke kafuwa da bel ta fi amfani a nan. Keke Napep da kabu-kabu ba su da inda za a kafa komai, don haka a taƙaita su ga gajeriyar hanya, yaro a tsakiyar keke, ba a bakin ƙofa ba.

Idan direba ke kai maka yara makaranta, kada ka tsaya a faɗa masa da baki. Kira shi, ka ce, “Malam, zo ka ɗaure shi in gani.” Ya yi a gabanka sau uku, ya yi gwajin tsunkule, sannan ka gaya masa cewa jinkirin minti biyu ba zai taɓa zama laifi a wurinka ba.

11. Wanki, da abin yi bayan haɗari

Rigar kujera ana cire ta a wanke. Igiyoyi kuwa shafa su ake yi da tsumma mai laima da ɗan sabulu, ba a jiƙa su, ba a sa musu bilic, ba a goge su da dutsen guga. Idan ƙurar hunturu ko ɓarɓashin biskit ya hana maƙulli yin ƙas, a ɗauraye shi da ruwa mai ɗumi zalla, ban da mai ko giris. Ɗauki hoton yadda igiyoyin suka bi kafin ka warware.

Idan haɗari ya faru, Allah ya kiyaye, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122. In babu wuta ko wani haɗarin, kada a yi gaggawar fizgo yaron. Kujerar tana tallafe masa wuya da baya, ana iya cire ta da shi a ciki. A kai shi asibiti ko da ba a ga rauni ba, musamman idan yana amai, ko barcin da bai saba ba, ko ciwon ciki. Kujerar da ta sha karo ta gama aiki. Kafin ka jefar da ita, yanke igiyoyin da almakashi, ka cire rigar, ka rubuta a jikin robar da manyan haruffa cewa ta lalace, don kada 'yan gwangwan su ɗauka ta koma kasuwa wani uba ya saya.